Shawarar jarirai ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗana: zai warke kuwa?

"Assalamu alaikum likita. Ɗana yana da wata 14, shi ne na fari. A gida na haife shi, lafiya ƙalau, ya yi kuka nan take. Kwana uku da haihuwa idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Ana gobe suna ya ƙi kama nono, yana wani irin kuka yana banƙarewa, muka kai shi asibiti aka yi masa canjin jini. Yanzu bai riƙe wuya sosai ba, ba ya zama, in zai kama abu sai hannun ya murɗe, kuma wani lokaci in an kira shi ba ya waigowa. Likita ya ce shawarar ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ta yaya abin da ke ido da fata zai kai ga ƙwaƙwalwa? Zai warke? Kuma ina da ciki wata huɗu, ina tsoron kada abin ya maimaitu."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Tambaya uku kika haɗa: yadda shawara ke isa ƙwaƙwalwa, abin da za a iya yi wa yaron yanzu, da abin da za a yi don wanda ke tafe. Ban ga ɗanki ba, don haka ba zan yanke hukunci a kansa daga nesa ba, wannan na likitan da ya duba shi ne. Amma yadda kika jero labarin, daga ɗorawar kwana uku zuwa ƙin nono, banƙarewa, canjin jini, sannan murɗewar hannu da matsalar ji, ya yi daidai da abin da muke kira kanikitaras, wato raunin ƙwaƙwalwa da shawarar jarirai ke bari in ta wuce kima. Doguwar naƙuda da sanƙarau ma kan bar yaro da irin wannan larura, sai dai jaririn da ya sha wahalar haihuwa ba ya faɗowa da kuka nan take ya kuma yi kwana uku yana shan nono lafiya.

Inda ɗorawar take fitowa

Ɗorawar da ake gani a ido a cikin jini take. Ido da fata wurin da take bayyana ne kawai. Jajayen ƙwayoyin jini suna da wa'adi, na babba kwana 120, na jariri kwana 70 zuwa 90. In sun mutu jiki na warware su, daga nan wani sinadari ruwan ɗorawa ke fita, sunansa bilirubin. Aikin hanta ne ta kama shi, ta sauya shi ya zama mai narkewa a ruwa, ta tura shi hanji ya fita ta kashi. Jariri na zuwa duniya da jini mai yawa, ƙwayoyinsa na saurin mutuwa, hantarsa kuwa ba ta gama shiri ba: sinadarin da ke yin wannan sauyin a ranar haihuwa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin na babba ba, sai wajen wata uku yake cimma shi. Shi ya sa kusan shida cikin jarirai goma da suka cika watanninsu, da takwas cikin bakwaini goma, suke yin shawara a makon farko, kuma galibinsu ta wuce ba tare da ta bar komai ba. Wannan ne ma ya sa mutane suka raina ta. Kowace kaka ta ga jarirai da dama da suka yi ta suka tashi garau.

A cikin jini bilirubin ba ya yawo shi kaɗai. Akwai wani furotin, albumin, da ke ɗaukarsa, kamar yadda motar haya ke ɗaukar fasinja: muddin akwai kujera, ba wanda ke tsaye a titi. In bilirubin ya fi kujerun yawa, ragowar da ba ta sami wurin zama ba ita ce abin tsoro. Ita a mai take narkewa, ba a ruwa ba, ƙwaƙwalwa kuma cike take da mai, don haka sai ta ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ta shige. Ciwon ƙwayoyin cuta a jini, haihuwa kafin lokaci da ƙarancin albumin duk suna sa hakan ya faru da wuri. Wasu magunguna ma na ture bilirubin daga jikin albumin. A 1956 a Amurka aka gano haka, lokacin da bakwainin da aka ba wani maganin salfa don kare su daga cuta suka riƙa mutuwa da kanikitaras fiye da waɗanda aka ba wani magani daban. Saboda haka ne har gobe muke taka-tsantsan da irin su Septrin da allurar seftiriyazon ga jariri mai shawara.

Ƙwaƙwalwar ɗan kwana biyar

A nan binciken ƙwaƙwalwa ya fi ba da haske, kuma a nan amsar tambayarki ta farko take. Ƙwaƙwalwa ba a tashi ɗaya ake gina ta ba, kowane sashe da lokacinsa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa wajen kwana 28 da ɗaukar ciki, sa'ad da mace da yawa ba su ma san suna da shi ba. Daga nan ƙwayoyin jijiya ke ta hayayyafa, suna ƙaura zuwa mazauninsu a tsakiyar watannin ciki. A watannin ƙarshe da bayan haihuwa kuma aikin ya koma na haɗa su da juna, da naɗe zaruruwansu da wani farin rufi mai maiƙo da ke sa saƙo gudu. Ranar haihuwa nauyin ƙwaƙwalwa bai kai rabin kilo ba, giram 350 zuwa 400, kafin shekara ta zagayo girmanta ya ninka.

Abin da masu bincike suka lura da shi shi ne, duk abin da zai yi wa ƙwaƙwalwar jariri lahani ya fi kama sashen da aiki ya fi zafi a cikinsa a daidai lokacin. A jikin bakwaini ɗan wata bakwai, farin ɓangaren da ke kewaye da kogunan ruwan ƙwaƙwalwa ne ke cikin haɗari, shi ya sa yaran ke tashi da sandarewar ƙafafu. A jikin jaririn da ya cika wata tara, a makonsa na farko, wasu ƙulle-ƙullen ƙwayoyin jijiya da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke cin makamashi fiye da kowa, suna tsaka da nuna. Su bilirubin ke samu. Tun 1875 wani likitan Jamus, Johannes Orth, ya ga ɗorawa a waɗannan wurare a gawar jariri, a 1904 kuma Georg Schmorl ya bayyana abin dalla-dalla. Yadda ɓarnar ke faruwa a cikin ƙwaya ɗaya kuwa, ɓera ne ya koya mana. A shekarun 1930 a Toronto ta Kanada aka ci karo da wani jinsin ɓera da hantarsa ba ta iya sarrafa bilirubin sam, ana kiransa ɓeran Gunn, kuma har yau da shi ake gwaji. A jikinsa da cikin ƙwayoyin da ake renonsu a ɗakin bincike aka ga bilirubin na manne wa fatar ƙwayar jijiya, ya lalata ɗan injin da ke samar mata da makamashi, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki fiye da kima, kumburi ya biyo baya, ƙwayar ta mutu.

Wuraren da yake kamawa su ke fassara abin da kike gani a gida. Na farko wani ƙulli ne da ake kira gulobus falidus, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba shi ke ba da umarnin motsi ba. Aikinsa tacewa: in yaro ya yi niyyar miƙa hannu, shi ke danne duk sauran motsin da ba a bukata, ya bar wanda ake so kaɗai ya fita. In ya sami rauni, niyyar na nan, ƙarfin na nan, amma duk tsokoki ke amsawa tare. Shi ya sa in kin miƙa masa cokali za ki ga idonsa a kai, ya yunƙuro, sai yatsun su baje, wuyan hannu ya lanƙwashe, kai ya juya wani gefen, baki ya buɗe. In ya ƙara ƙoƙari ko ya yi murna ko ya ji haushi sai abin ya ƙaru, in ya yi barci jikin ya saki laƙwas. Yawancin irin waɗannan yara a shekarar farko sakin jiki ya fi yawa, murɗewar sai ta fito sosai daga baya, iyaye su ɗauka ciwon ne ke ci gaba. Ba ci gaba yake ba. Raunin tun makon farko ya tsaya inda ya tsaya, yaron ne ya girma ya fara neman yin abubuwan da ke tona shi.

Na biyu hanyar ji ce. Kunnen kansa sau da yawa lafiyarsa lau, sauti na shiga. Jijiyar da ke kai saƙo da tashoshin da ke karɓarsa a gindin ƙwaƙwalwa ne ke samun matsala, sai saƙon ya isa a warwatse, ba a jere ba. Yaro na iya firgita in an buga ƙofa amma ya kasa rarrabe sunansa daga hayaniyar tsakar gida, yau ya ji, gobe kamar bai ji ba. Kalmar da kika yi amfani da ita, "wani lokaci", ita ce ta fi jan hankalina a duk wasiƙar. Akwai kuma alamu biyu da ba ki ambata ba, ki duba: wahalar ɗaga ido sama ba tare da ɗaga kai ba, da haƙoran farko da kan fito da tabo ko su riƙa gutsurewa.

Ga wani abu da nake so ki riƙe da kyau. Bilirubin bai cika taɓa saman ƙwaƙwalwa ba, inda tunani da fahimta suke. Yara da yawa masu wannan larura hankalinsu daidai yake da na sa'o'insu, jikin ne da bakin ba sa ba su haɗin kai. Na ga yarinya 'yar shekara bakwai da aka kawo mana ana cewa ba ta san komai ba, miyau na zuba, kai na lilo. Muka ajiye hotuna huɗu a gabanta muka ce ta nuna akuya, ta kafe hoton da ido, muka ce ta nuna wanda ake hawa, ta koma kan keke, muka canza musu wuri ta sake bi daidai. Mahaifinta ya yi shiru, can ya ce ashe duk abin da ake faɗa a gabanta tana ji. Don haka a daina zancen yaron a gabansa kamar ba ya wurin, kuma kada a bari kowa ya kira shi da sunan da ba nasa ba.

Me ya sa tasa ta yi tsanani haka

Shawarar da ta kai ga canjin jini kusan kullum akwai abin da ya hura ta, kuma gano shi ne mabuɗin tambayarki ta uku. A ƙasar nan abin da muka fi zargi ga ɗa namiji shi ne ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Gado ne, ta wajen uwa ɗa namiji ke samunsa, kuma kusan ɗaya cikin maza biyar a Najeriya na ɗauke da shi. Ya yawaita a inda zazzaɓin cizon sauro ya yawaita ne saboda yana ba da 'yar kariya daga gare shi. Ba sikila ba ne, gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna shi, mai AA ma na iya samunsa. Mai shi kan rayu lafiya har tsufa bai sani ba, sai in ya haɗu da abin da ke tayar da shi. Babba a cikinsu ga jarirai shi ne kafur, ƙwallayen nan farare da ake jefawa cikin akwati don kyankyaso da asu. Uwa ta tara kayan jariri tun ciki na wata shida, ta jera su a akwati da kafur, ranar haihuwa a ciro riga da hula da shawul suna ƙamshi a naɗe shi ciki. Ta fata da numfashi yake shiga. Ni kam in aka kawo jariri ɗorawa shar, kafin sakamakon gwaji ya fito nakan sunsuna zanen da aka naɗo shi. Lalle ma an tabbatar yana fasa jinin irin waɗannan jarirai in an shafa musu, haka kuma ana zargin man zafi da hoda masu mentol da ake sa wa cibiya.

Sai rashin jituwar jini tsakanin uwa da ɗa. In jininki O ne shi kuma A ko B, hakan na iya faruwa tun cikin fari. In kuma jininki mai alamar negetif ne na mijinki fozitif, cikin fari yakan tsira, na bayansa ne ke shan wahala, kuma abin na ƙaruwa daga ciki zuwa ciki. Ciwon cibiya, kumburin jini a fatar kai bayan haihuwa, da rashin samun isasshen nono a kwanakin farko su ma suna ƙara wuta. Jaririn da aka hana dakashi ba ya yin kashi da yawa, bilirubin da ya kamata ya fita sai hanji ya sake tsotse shi. Ruwan gulukos cika masa ciki kawai yake ya rage shan nono. Haka ɗigon Ampiclox da jiƙon gwanda, ba abin da suke ragewa.

Akwai kuma lokaci, wanda ba laifin kowa ba ne amma ya kamata a faɗe shi. Shawara na kaiwa ƙololuwa ne tsakanin kwana uku zuwa biyar, daidai lokacin da mai jego ke cikin ɗaki, labule a sake, 'yan barka na shiga suna fita, hankali ya tafi kan shirin suna, kuma fita da jariri kafin suna abu ne da ake jin nauyinsa. Wadda ta haihu a asibiti ma an sallame ta tun kafin ɗorawar ta fito. A baƙar fata kuma, cikin ɗaki mai duhu, sai ta yi nisa ake ganinta. Wani bincike da aka yi a manyan asibitocin Kano, Zariya, Jos, Legas da Asaba, aka buga a 2018, ya samu cewa wajen ɗaya cikin bakwai na jariran da aka kwantar saboda shawara sun iso ne ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Masu binciken sun dawo sun nuna cewa inda aka koya wa uwaye gane ta tun wajen awo, abin ya ragu ƙwarai. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta ta kashe jarirai wajen 114,000 a shekarar 2010, mafi yawa a Afirka da kudancin Asiya.

Batun hantsi kuwa, waɗanda suka ba ki shawarar ba daga sama suka ƙirƙiro ta ba. A 1956 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Rochford a Ingila, Jean Ward, takan fitar da bakwaini su sha rana. Rannan aka tuɓe wani aka ga jikinsa ya washe, sai wani ɗan kusurwa da gefen zani ya rufe shi ne ya rage ɗorawa. Daga nan aka gano haske na sauya siffar bilirubin ya fita ba sai hanta ta taɓa shi ba, a 1958 aka buga sakamakon fitilar farko. Shuɗin haske ne ke aikin, kuma sai an kwantar da yaro tsirara a ƙarƙashinsa sa'o'i da yawa a jere, ido a rufe, ana auna jini. Minti ashirin a hantsi da riga a jiki ba ya kai ko'ina, in an daɗe kuma rana ta ƙona shi ta busar da shi. A Legas an gwada wata rumfa mai rufin leda ta musamman da ke tace zafi da hasken da ke ƙuna, aka buga sakamakon a 2015 kan jarirai 447, ta yi aiki daidai da fitila. Amma a harabar asibiti aka yi, ana auna zafin jikinsu a kai a kai, kuma ga masu shawarar da ba ta yi tsanani ba. Illar hantsi a gida ita ce kwana biyu ko uku da yake cinyewa ana jiran a ga sauƙi.

Zai warke?

Ƙwayoyin jijiyar da suka mutu ba sa dawowa, kuma yau babu allura ko tiyata ko jiƙo da ke mayar da su. Duk wanda ya ce miki zai warkar da shi tas, ko da dashen ƙwayoyin halitta ne a Indiya, ki riƙe kuɗinki, bincike bai tabbatar da wannan ba. Magungunan "ƙarin ƙwaƙwalwa" da ake rubutawa a sha wata da watanni ma ban ga abin da suka tsinana ba. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Amma rashin warkewa daban, rashin ci gaba daban. Ƙwaƙwalwar ɗan wata 14 na cikin shekarun da take ƙulla mahaɗai fiye da bukata, sannan ta riƙe waɗanda ake amfani da su ta zubar da saura. Peter Huttenlocher a Chicago shi ya zauna ya ƙirga su a 1979 ya nuna haka. Kafin shi, David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya na 'yan makonni, da aka buɗe idon lafiyarsa ƙalau amma ba ya gani, domin ɗayan idon ya mamaye gurbinsa a ƙwaƙwalwa. Babbar kyanwa da aka yi wa haka ba abin da ya same ta. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1981, mu kuma ya koya mana cewa wasu ƙofofin na da lokacin rufewa.

Saboda haka in da ni ne, da ji zan fara, tun kafin ƙafa. Iyaye kan zo da damuwar zama da tafiya, amma ƙofar harshe ta fi saurin rufewa: binciken yaran da aka yi wa dashen na'urar ji ya nuna waɗanda aka yi wa kafin shekara uku da rabi sun fi cin moriya nesa ba kusa ba. Ki nemi gwajin da ake kira ABR, wanda ake manna wayoyi a kai yaro na barci a ga yadda jijiya ke amsa sauti. Ki ambaci sunan da bakinki, domin akwai wani gwajin mai sauƙi, OAE, da ke auna kunne kawai, kuma irin ɗanki na iya cin sa alhali matsalar na nan. Manyan asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna nan ne wuraren tambaya. Wasu yaran na'urar ƙara ji na taimaka musu, wasu sai dashe, wasu kuma jin na gyaruwa da kansa kaɗan, don haka akan maimaita gwajin. Kafin nan, ki riƙa yi masa magana fuska da fuska, kusa, a kashe rediyo, kina haɗawa da nuni da hannu. Nuni ba ya hana magana fitowa.

Gashi, wato fisiyo, shi ne na biyu, kuma amfaninsa ba a tausa da miƙe gaɓoɓi yake ba. Abin da ke gina hanya a ƙwaƙwalwa shi ne motsin da yaro ya yi da kansa don yana son wani abu, a maimaita shi kullum. Zuwa asibiti sau ɗaya a mako koyo ne, aikin a gida yake. Ki ce su nuna miki yadda za ki zaunar da shi ƙugu a lanƙwashe, kafaɗu a gaba, kai a tsakiya, domin in gangar jiki ta samu madogara hannu kan lafa. Kwali mai ƙarfi ko kusurwar ɗaki da matasai na iya yin wannan aiki kafin a samu kujera ta musamman. Goyo ma na da amfani, ƙafafu a buɗe, sai dai a tallafi kan. In murɗewar na hana shi barci ko tana sa shi kuka, akwai magunguna irin su baklofen da Artane da likita kan gwada a hankali. Sauƙi suke kawowa, wani ya amfana wani bai amfana ba, kuma ba a sayensu a kemis da ka.

Ki sa ido kan abinci. Yaron da jikinsa ke motsi dare da rana na ƙona abinci da yawa, ga wahalar haɗiya, don haka rama na saurin kama su. Kunu mai kauri da gyaɗa ko ƙwai ya fi mai ruwa-ruwa, a zaune, kai ɗan sunkuye, kaɗan-kaɗan. Ɗura haɗari ce gare shi. In yana yawan ƙwarewa ko ciwon ƙirji na dawowa, ki faɗa wa likita. Hoton cikin ƙwaƙwalwa da ake kira MRI na iya nuna tabon a gulobus falidus ya tabbatar da dalili, amma ba zai canza abin da za a yi masa ba, in kuɗi bai kai duka ba ABR ya fi shi.

Ko zai yi tafiya? A wata 14 ba wanda zai ba ki amsa tabbatacciya. Abin da muke dubawa shi ne zama: yaron da ya zauna da kansa kafin ya cika shekara biyu, galibi yakan taka, ko da da taimako. Wanda bai kai ga haka ba ma yakan ci gaba da koyon abubuwa shekara da shekaru, kuma makaranta na cikin haƙƙinsa.

Cikin da ke jikinki

Wannan karon abin na hannunku tun da wuri. A awo na gaba ki gaya musu kai tsaye cewa ɗanki na fari an yi masa canjin jini saboda shawara, a rubuta a katinki, domin ƙanin irin wannan yaro na cikin waɗanda ake sa wa ido. A duba rukunin jininki da na maigidan. In negetif ce ke, a yi gwajin da ke nuna ko jikinki ya riga ya ƙera makaman yaƙar jinin ɗan. In bai ƙera ba, akwai allurar anti-D, mai hana jiki ƙera su, da ake yi wajen wata bakwai da kuma cikin sa'a 72 bayan haihuwa. In ya riga ya ƙera, allurar ba ta da sauran amfani, sai a bi cikin a babban asibiti. Shi ma yaron a yi masa gwajin G6PD yanzu, tunda jinin da aka sa masa ya daɗe da ƙarewa. In yana da ƙarancin, duk ɗa namiji da za ki haifa aƙalla rabi da rabi ne, mace ma ba ta tsira ɗungurungum ba.

Ki haihu a asibitin da ke da fitilar shawara mai aiki. A fitar da kafur daga gidan tun yau, kayan da suka kwana da shi a wanke a shanya su sosai. Kada a sa wa cibiya komai sai abin da asibiti ya bayar. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko, ya sha sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana. Kowace safiya har a yi suna ki fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ki danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa ki ɗaga, ki ga launin da ya bayyana kafin jini ya dawo, ki duba farin ido da dasashi. Daga kai take farawa ta gangara, in ta kai ciki ta yi yawa, in ta kai tafin hannu da na ƙafa ta yi nisa ƙwarai. Amma ke, da tarihin da kike da shi, kada ki jira ta gangara, kuma kada ki dogara da ido kaɗai: a auna jininsa kafin a sallame ku, a sake aunawa a kwana na biyu ko na uku ko da kin ga kamar ba komai. Ɗorawa a ranar farko, ko yawan barci, ko sanyin tsotso, ko kuka mai tsini, duk na tafiya asibiti ne a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne.

Ki zaunar da maigidan da surukarki da duk wadda za ta zo zaman jego ki yi musu wannan bayanin tun cikin bai tsufa ba, a amince cewa za a fita da jariri kafin suna, a kuma ware kuɗin mota da na gwaji a ajiye gefe. In da hali ki tafi da ɗaya daga cikinsu awo na gaba, ta ji daga bakin ma'aikatan da kanta.